Wane ADC ne zai iya da batir AA biyu?

Nura: Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ina zana na'urar da za ta riƙa auna abu uku tana adanawa: nauyi daga sansar nauyi mai ɗaukar kilo 10, wadda ke ba da 2 mV/V kuma juriyar gadarta (razistoci huɗun da ke cikin sansar) 1 kΩ, zafi daga NTC (razistar da juriyarta ke raguwa idan zafi ya ƙaru) mai 10 kΩ, sai jijjigar inji daga sansar motsi ADXL335, har zuwa 500 Hz. Ina so in riƙa ganin bambancin giram 2 a nauyin. Batir AA biyu ne za su riƙe ta, ana so su kai shekara. Shirina shi ne in sa ragileta ta LDO (mai sauke wuta ta tsayar da ita wuri ɗaya) ta sauko da komai zuwa 1.8 V don a rage cin wuta. Wane ADC ne (mai mayar da siginar sansa zuwa lamba) zai ɗauki ukun nan a 1.8 V? ADS1115 nake gani ko'ina.

Auwal: Wa alaikumus salam. ADS1115 ba ya tashi a 1.8 V, ƙaramar wutarsa 2.0 V ce. MCP3208 da MCP3421 sai 2.7 V, HX711 sai 2.6 V, ADS1220 sai 2.3 V. A cikin waɗanda aka saba da su, ADS7042 ne ke sauka har 1.65 V: bit 12, samfur miliyan ɗaya a daƙiƙa, ta SPI (hanyar wayoyin da yake tura bayanai). Sai dai mashiga ɗaya gare shi, kuma ba shi da amfilifaya a ciki.

Malama Hauwa: Nura, kafin a shiga jera sunayen ADC, mu fara da lissafin siginarka, shi ne zai yi maka zaɓin.

Sansar nauyi ba ta da ƙarfin kanta, abin da ka ba ta shi take rabawa. In ka ciyar da ita da 1.8 V, cikakken kilo 10 zai ba ka 3.6 mV kacal. Giram 2 kuwa 0.72 µV ke nan. A 3.0 V cikakken nauyi 6 mV ne, giram 2 kuma 1.2 µV. Ka ga rage wutar da kake yi, siginar kake ragewa, hayaniyar kuma tana nan inda take.

Yanzu ɗauki ADS1115 a mafi ƙanƙantar zangonsa, ±0.256 V. Taki ɗaya nasa 7.8 µV ne. A 3.0 V wannan taki ɗaya daidai yake da giram 13. Saboda haka ko da ya yarda ya tashi a 1.8 V, ba zai ba ka giram 2 ba. Bit 16 ɗin da aka rubuta a jikinsa gaskiya ne, amma siginarka tana zaune ne a ɗan lungu na zangon, taki ɗari bakwai da wani abu kawai za ta taɓa. Ga jijjiga kuma ya yi nawa: iyakarsa samfur 860 a daƙiƙa, kai kuma 500 Hz kake nema, wanda ko a ƙa'ida yana buƙatar fiye da 1000.

Abu uku kake aunawa, halinsu uku. Kada ka tilasta wa ADC ɗaya.

Nura: Na gane, Malama. To in na sa amfilifaya a gaban ADS7042 fa, in ninka siginar nauyin sau 400 ta kusa cika zangon 1.8 V?

Malama Hauwa: Zai yi aiki a takarda. Bit 12 taki 4096 ne, a kan kilo 10 kowane taki kusan giram 2.4, ka ga tun a nan ka gaza abin da kake nema, kafin a cire gefe da gefe. Amfilifayar da aka ce tana kaiwa bango zuwa bango ba ta taɓa bangon da gaske, tana tsayawa 'yan mV kafin GND (ƙasan wuta) da kafin VDD (saman wuta), sai ka bar wa farantin awo da karkatar sansar wuri. Abin da zai rage maka bai fi taki 3500 ba.

Sannan ita kanta amfilifayar. MCP6001 tana aiki a 1.8 V, amma karkatarta (kuskuren da take nunawa ko babu sigina) na iya kai 4.5 mV, wato ta fi dukan siginarka girma, in ka ninka ta sau 400 ta cinye zangon gaba ɗaya. Dole sai irin OPA333, mai karkatar da ba ta wuce 10 µV, tana cin kusan 17 µA, kuma sai ka haɗa biyu ko uku da razistoci masu 0.1% kafin ka karanta gada yadda ya kamata. LM358 kuwa kada ma ta shigo maganar, 3 V ce ƙaramar wutarta kuma fitarta tana tsayawa kusan 1.5 V ƙasa da wutar da aka ba ta. Duk wannan wahalar an riga an gina ta a cikin ADS1220.

Injiniya Bashir: Ina tare da Malama kan ADS1220 don nauyi. Bit 24 ne irin delta-sigma, da ninki har 128 a ciki. A samfur 20 cikin daƙiƙa da ninki 128, hayaniyarsa kusan 0.1 µV rms ce, kuma a wannan gudun matatarsa tana danne 50 Hz da 60 Hz na wutar gida, wanda ke da muhimmanci tunda kusa da inji za a ajiye na'urar. Ka haɗa mizaninsa (wutar da yake gwada sigina da ita) da wutar da ke ciyar da gadar, kada ka yi amfani da 2.048 V na ciki. Idan wutar ta sauka, sigina da mizani tare suke sauka, lambar da kake karantawa ba ta motsi.

Matsalar ita ce 2.3 V. Shawarata ka manta da 1.8 V, ka sa mai ɗaga wuta ya ba ka 3.3 V tsayayye, ka tsotse batirin har 0.9 V kowanne. Komai ya zauna a layi ɗaya, babu ciwon kai.

Malam Kabiru: Injiniya, a nan ban bi ka ba. Mutum yana farautar 1 µV, sai mu kawo masa abin da ke kunnawa da kashewa a kusa da gadar? Mai ɗaga wuta idan nauyin da ke kansa kaɗan ne yana shiga yanayin tsalle-tsalle, girgizar fitarsa ta kai gomman mV, kuma saurinta yana canzawa da yawan abin da ake ja, ba za ka san inda za ka sa matata ba. Auna rabo da mizani yana maganin saukar wuta a hankali, ba ya maganin tartsatsin da ke shiga ta waya.

Batir shi ne wuta mafi tsabta da yake da ita. Ya haɗa komai kai tsaye: sababbin alkalin biyu kusan 3.2 V, MCU (ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa na'urar) da ADS1220 da ADXL335 duk suna ɗauka. Ya sa na'urar ta daina awo ta yi gargaɗi a 2.4 V.

Injiniya Bashir: Ai 2.4 V na nufin 1.2 V kowane batir, Malam Kabiru. Alkalin a hankali yake gangarowa, a 1.2 V da sauran ƙarfi mai yawa a cikinsa, za a zubar da shi ke nan. In kuma mai na'urar ya sa batir mai caji irin NiMH, wanda mafi yawan rayuwarsa a 1.2 V yake yi, na'urar za ta yi ta kukan batir ya ƙare alhali a cike yake. Maganin girgizar sananne ne: a ɗaga zuwa 3.3 V, a bi da LDO zuwa 3.0 V don ɓangaren analog.

Malam Kabiru: Maganar NiMH na karɓa. Amma a duba LDO ɗin da za a sa. Masu cin 'yan nA a zaune, ƙarfinsu na danne girgiza yana faɗuwa sosai idan saurin ya hau, daidai wurin da ake buƙatarsa. Sai an ƙara razista 10 Ω da kafasita 10 µF a gabanta, wanda ke fara yanka daga kusan 1.6 kHz, kuma nadin mai ɗaga wutar ya yi nesa da wayoyin gada.

Akwai hanya ta uku da ta fi duka sauƙi idan akwatin zai ɗauka: batir uku. Daga 4.8 V zuwa 2.7 V, LDO ɗaya mai 2.5 V, babu abin da ke kunnawa da kashewa, an tsotse batir har 0.9 V, kuma NiMH ma ya yi.

Nura: Akwatin biyu kawai yake ɗauka, Malam, an riga an tsayar da girmansa. Amma abin da ya fi damuna shi ne cin wuta. Dalilin da ya sa na nufi 1.8 V ke nan.

Sadiya: Yaya Nura, mu yi lissafin kasafin. Ka ɗauki alkalin AA a 2000 mAh don ka bar wa kanka sarari. Shekara awa 8760 ce, wato kana da kusan 228 µA a matsakaici. Yanzu duba masu ci:

Gadar 1 kΩ a 3.0 V tana jan 3 mA idan ka bar ta a kunne. Ita kaɗai za ta kashe batirin cikin wata guda. NTC da razistarsa, 20 kΩ a jere, 150 µA. ADXL335 kusan 350 µA. ADC ɗin da kake tsoro kuwa, idan ya yi barci ƙasa da 1 µA yake ja.

Saukowa daga 3.0 V zuwa 1.8 V ta LDO ba za ta rage maka ko rabin wannan ba. Kashewa tsakanin awo ita ce ke ragewa sau ɗaruruwa. Kunna gadar 200 ms sau ɗaya a minti: 3 mA sau 0.2 raba 60, 10 µA. Ciyar da NTC daga ƙafar MCU na 'yan ms, ya zama ba komai. Kunna ADXL335 daƙiƙa 2 a minti, kusan 12 µA. Ko ka ƙara asarar mai ɗaga wuta, ba ka kai rabin kasafin ba.

ADS1220 yana da makunni a ciki tsakanin ƙafar AIN3/REFN1 da AVSS don wannan aikin. Ka haɗa ƙasan gadar a nan, ka saita shi ya rufe idan an ba da umarnin fara awo, ya buɗe idan an ce ya yi barci. Mizanin kuma ka ɗauko shi daga kan gadar kanta, sama da ƙasa, don ɗan abin da makunnin ke ci kada ya shiga lissafi.

Auwal: Ƙarin dalilin barin 1.8 V: in MCU yana 1.8 V, ADC yana 3.0 V, ba za su ji juna ba. ADS1220 da ADS1115 duka suna son 0.7 na wutarsu kafin su ce "ɗaya", wato 2.1 V a nan, MCU kuma 1.8 V ce iyakarsa. A ɗaya ɓangaren, ADC zai tura 3.0 V cikin ƙafar da ba lallai ta jure ba. Sai ka sa mai sauya mataki. Allunan BSS138 da aka saba da su a 1.8 V suna bakin gaɓa, domin ƙofar MOSFET ɗin na iya buƙatar har 1.5 V kafin ta fara buɗewa. Ga I2C, hanyar da ADS1115 ke tura bayanai, akwai PCA9306 ko TXS0102, jerin TXB kuwa ba na I2C ba ne, razistocin ja-sama suna rikita shi. Layi ɗaya ya kawar da wannan duka.

Kuma kada ka yanke wa ADC wuta gaba ɗaya alhali ƙafafun SPI na MCU suna sama. Wuta za ta bi ta diyod ɗin kariya ta ciyar da shi ta bayan gida, ya zauna rabi a kunne, rajistocinsa su rikice, batir kuma yana zuba. Umarnin barci ya isa.

Nura: To jijjigar fa? In sayi ADS7042 dominta?

Malama Hauwa: A ganina ba ka buƙata, muddin MCU ɗinka yana da ADC mai bit 12 mai kyau. Ga dalili. Hayaniyar ADXL335 a X da Y ita ce 150 µg/√Hz. Da matata mai 500 Hz, ka ninka da tushen 800 (wato 500 sau 1.6), ka sami kusan 4.2 mg rms. A 3.0 V sansar tana ba da 300 mV kowane g, hayaniyar ta zama kusan 1.3 mV. Taki ɗaya na bit 12 a 3.0 V kuwa 0.73 mV ne. Sansar ta riga ta fi ADC hayaniya, ƙarin bit ba zai nuna maka komai ba sai hayaniyar da kyau. Ita ma fitarta da wutar da aka ba ta take tafiya, don haka mizanin ADC ya zama wannan wutar.

Inda ake faɗuwa wuri biyu ne. Na farko, kowace fitar ADXL335 tana da razista 32 kΩ a ciki. ADC irin SAR, wanda shi ne ke cikin yawancin MCU, a kowane awo yana jona ƙaramar kafasita ta 'yan pF a kan ƙafar, ta cika, sannan ya auna ta. Kamar ɗiban ruwa da ludayi ne daga randa: in randar babba ce, ba a ganin raguwa, in ƙarama ce kuma bututun cika ta siriri ne, kowane ɗiba sai ta sauka. Don bit 12 ya zauna cikin rabin taki, ana buƙatar ninki tara na R sau C. Kafasitar 10 nF da za ka sa a kowace fita, wadda da 32 kΩ ɗin take ba ka 500 Hz, ita ce randar. In kafasitar ciki 8 pF ce, mafi munin ɗiba ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin 1250, kusan taki uku. Ga jijjiga wannan ba laifi. Alamar matsalar ita ce ka ga motsin X yana leƙowa a Y idan kana sauya mashiga da sauri. Magani: tsawaita lokacin ɗaukar samfur a rajista, in bai isa ba ka sa TLV9001 ko MCP6001 a tsakani, da razista kamar 100 Ω da kafasita 1 nF a fitarta. Kafasitocin matata su zama nau'in C0G, ba X7R ba. X7R yana sauya ƙima da wuta, kuma idan aka girgiza shi yana haifar da 'yar wuta da kansa, a na'urar da aka ɗaura wa inji wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Na biyu, saurin ɗauka. Kada ka ce 500 Hz sau biyu, 1000 ya isa. Matatar R da C ɗaya a hankali take yanka. Inji yana da ƙara sama da 500 Hz, kuma sansar tana da nata amon a wajen 5.5 kHz. In kana ɗauka 5000 a daƙiƙa, wannan 5.5 kHz zai fito maka a matsayin 500 Hz, ka rantse jijjigar inji ce, kuma bayan an ɗauka babu manhajar da za ta raba su. Ɗauki 16000 a daƙiƙa da agogon cikin MCU yana tayar da awon, DMA (mai kai bayanai ma'ajiya kai tsaye) yana kwashewa, ka tace a manhaja, sannan ka rage zuwa 2000. In ka bar wa madaukin shirin ya riƙa kiran awon, tazarar ba za ta daidaita ba, ita ma hayaniya ce.

Malam Kabiru: "Mai kyau" ɗin da Malama ta faɗa a riƙe shi. Ba kowane ADC na cikin MCU ba ne. Na ESP32 na asali an san shi da lanƙwasa, musamman a gefe da gefe. Na ATmega328P bit 10 ne, kamfanin ya ce juriyar abin da ke ciyar da shi kada ta wuce 10 kΩ, kuma ba zai kai saurin da aka ambata a mashiga uku ba. Jerin STM32L0 da nRF52832 suna da bit 12, suna aiki ƙasa da 1.8 V. A takardar bayanai ka tsallake shafin farko, ka nemi ENOB (yawan bit na gaskiya) da INL (girman lanƙwasa), ka duba a wace wuta aka auna su. Cikakken bit 12 a ƙa'ida 74 dB ne, daga 6.02 sau N a tara 1.76. Abin da za ka samu a allo ya kan yi ƙasa da haka da bit ɗaya ko fiye. In MCU ɗinka bai cika ba, nan ne ADS7042 ke da amfani, amma ka sani AVDD ɗinsa, wato wutar ɓangaren analog, ita ce mizaninsa, duk dattin da ke kan layin kai tsaye yake shiga lamba.

Sadiya: NTC ma a MCU za ta tafi. Mai B 3950 tana sauya kusan 4.4% kowane digiri a 25°C. A rabi da razista 10 kΩ wannan 1.1% na wutar ne, taki 45 ke nan kowane digiri a bit 12. Kuskuren NTC mai 1% shi kaɗai kusan rubu'in digiri ne, ya fi takin girma sau goma. Kuɗin ya tafi ga razista mai 0.1% da NTC mai kyau.

Nura: Allah ya saka da alheri. Abin da na tsayar: babu 1.8 V. ADS1220 don nauyi, ADC na MCU don jijjiga da zafi. Saura zaɓi tsakanin kai tsaye daga batir da ɗagawa zuwa 3.3 V a sauke zuwa 3.0 V. Na fi karkata ga kai tsaye saboda sauƙi. Akwai abin da zan kiyaye?

Injiniya Bashir: Akwai. Batirin AA na litiyam yana iya nuna 1.8 V sabo, biyu 3.6 V, kuma 3.6 V ita ce iyakar ƙarshe ta ADXL335, ba wurin zama ba ce. Ko ka rubuta a murfi cewa alkalin kawai, ko ka sa LDO mai 3.0 V wadda idan batir ya sauka take bin sa da ɗan bambanci. Ka kuma kare juya batir da MOSFET nau'in P, diyod za ta cinye maka 0.3 V ko fiye daga ɗan abin da kake da shi. In akwai rediyo ko katin ajiya, kada su yi aiki lokacin awon nauyi. Tsohon batir juriyar cikinsa ta hau, jan 50 mA na ɗan lokaci zai dusar da layin ƙasa da 2.3 V, ADS1220 kuma yana iya komawa saitin farko ba tare da ya gaya maka ba. Ka riƙa sake karanta rajistocinsa kafin kowane awo.

Har yanzu ina ganin ɗagawa ta fi in ana son a yi amfani da kowane irin batir. Ka bar mata wuri a allon farko da razistar 0 Ω ta tsallakewa, ka gwada duka biyun.

Auwal: Auna batir kuma ba sai da razistocin rabawa ba in MCU yana kan batir. Karanta mizanin cikin MCU a kan VDD, ka juya lissafin: VDD daidai take da ƙimar mizanin sau 4095 raba abin da ka karanta. STM32 yana da lambar gyara da kamfani ya adana a ciki don wannan. In ka sa LDO a tsakani, wannan hanyar fitar LDO ɗin kawai za ta nuna maka har sai batir ya sauka ƙasa da ita.

Malama Hauwa: Idan allon ya zo, Nura, ga gwajin da zai raba gardamar Injiniya da Malam Kabiru. Cire sansar, sa razistoci biyu masu 1 kΩ a jere tsakanin saman mizani da ƙasansa, haɗa AIN1 da AIN2 duka a tsakiyarsu. Kada ka haɗa su da GND, a ninki 128 amfilifayar ciki tana son mashigarta a tsakiyar wuta. Ɗauki karatu 1000 a samfur 20 cikin daƙiƙa, lissafa bazuwarsu da tazarar mafi girma da mafi ƙanƙanta, ka mayar µV. Yi haka da batir kai tsaye, sannan da mai ɗaga wuta. In tazarar ta tsaya ƙasa da 1 µV a duka biyun, ɗauki shawarar Injiniya.

Bayan nan mayar da sansar, ɗora nauyin da ka sani, ka ciyar da allon daga wutar gwaji, kana saukewa daga 3.2 V zuwa 2.3 V da 0.1 V kowane mataki. Lambar kada ta motsa fiye da giram ɗaya ko biyu. In tana bin wutar, mizanin ba a kan gadar yake ba, ko rajistar tana kan 2.048 V na ciki. Karatun farko bayan kunna gadar kuma ka yar da shi, matatar mashiga ba ta gama cika ba: da razistoci 1 kΩ biyu da kafasita 100 nF a tsakaninsu, ka jira aƙalla 5 ms kafin ka amince da abin da ya fito.